Hatsin da Na Hana Inna Karɓa

Ni yanzu idan na ji mace ta miƙe a taro, ta gyara gyale, ta ce tana neman mata masu aikin sa kai, sai in kau da kai. Ba wai aikin ne ba shi da kyau ba. Na yi shi, kuma a cikinsa na raba wata tsohuwa da abincinta, da bakina, ina murmushi, ana tafa mini. Na daɗe ina ɗora wa wasu laifin, kuma wallahi suna da nasu, amma kaso mafi tsoka nawa ne.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kankia. Mu 'yan kaɗan ne muka kafa ƙungiyar: malaman makaranta mata uku, da mai ɗinki, da wata ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya, sai matan unguwa da suka shigo daga baya. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne matan ƙauye da ake kawowa asibiti a kan gwiwa bayan lokaci ya ƙure. Mace ta wuni ta kwana tana naƙuda, ko jini ya ɓalle mata, sai an ga idonta ya fara juyewa sannan a shiga neman mota. Muka ce to, a kowane ƙauye a samu mace ɗaya da za a koya wa alamomin haɗari, wadda za ta tsaya a kan maigida ta ce masa a tafi yanzu, ba gobe ba. Babu albashi, babu alawus. Wata babbar ƙungiya a birni ta ji labarinmu, ta yi alkawarin turo mai horarwa da 'yan kayan aiki. Ni aka ba ɓangaren Kusada, don mahaifiyata 'yar can ce, kuma kowa ya san ba na rasa ta cewa.

Na fara da wauta irin ta 'yan boko. Na bi ta hannun masu unguwa, na ce a yi shela. Ranar da na sa, na tarar da harabar wata makaranta a Kusada cike da 'yan mata da zawarawa, kowace da ambulan ɗin takardun sakandare a hannu, wasu har da hoton fasfo. An ce musu gwamnati ce ke ɗaukar ma'aikata. Ina cewa aikin Allah ne, babu ko sisi, sai aka fara tunawa an bar girki a wuta. Kafin azahar wuri ya yi fayau. Wani mai unguwa kuwa ya miƙo mini takarda da sunaye huɗu, da na bincika sai na ga matarsa ce da ƙannensa biyu da surukarsa. Waɗanda suka rage mini ba su kai goma sha biyu ba, kuma rabinsu ba su taɓa aure ba. To wace budurwa ce za ta tsaya gaban magidanci ta ce masa matarka na zubar da jini? Kunya ma ba za ta bar ta ta ɗaga ido ba.

Wata mai nono da nake saye a wajenta a kasuwar Kusada ce ta ga ina ta tsaki, ta tambayi dalili. Da na faɗa mata sai ta yi dariya ta ce, “Malama, wahalar banza kike. Ki wuce Bauranya, akwai wani ɗan ƙauye gaba kaɗan, ki tambayi ungozomarsu. Abin da kike nema ita ta daɗe tana yin shi.”

Na hau acaɓa, muka wuce Bauranya, muka bar hanya muka bi burtali har muka isa. Na same ta a tsakar gida tana sheƙar gero. Doguwa ce siririya, a ƙiyasina ta haura saba'in, haƙoranta sun rine da goro. Kowa a ƙauyen Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza biyu sun riga ta, mace ɗaya ta rage mata tana aure can nesa. Gonarta 'yar gayauna ce a bayan gida wadda ba za ta ciyar da mutum wata uku ba. Amma rumbunta cike yake har baki, akwai akuya biyu a turke, zanen jikinta kuma ba tsumma ba ne.

Ga yadda abin yake. Duk gidan da aka haihu, Inna ake kira. Ita ke yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka safe da yamma har kwana bakwai, ta kula da wankan mai jego. Ranar suna, a al'adar garinsu, kan rago da ƙafafu nata ne, a haɗa da sabulu da gishiri, mai hali ya ƙara da zane. Idan kaka ta yi kuma, duk gidan da ta taɓa shiga sai ya tuna da ita. Ba ta taɓa cewa a ba ta ba, ba a kuma taɓa yanke abin da za a bayar ba. Mai hali ya kai dami, marar hali ya kai kwano, wanda damina ta ƙi shi ya kai ban haƙuri, duka ta karɓa da hannu biyu. Babu wanda ya taɓa kiran wannan biyan aiki. Rabin magidantan ƙauyen ita ta yi musu wankan farko, shi ya sa idan ta dubi namiji ta ce a nemo mota, ba ya tsayawa neman shawarar kowa.

Sau uku ina zuwa tana ƙi.

“Mi zan koya da tsufana, ɗiyata?” in ji ta. “Abin da na iya na iya. Wanda ya hi ƙarhina ina tura shi asibiti tun ba a haihe ki ba.”

Na ce ai shi ya sa muke son ta, 'yan baya su koya daga gare ta. Na yi mata wa'azin lada, na yi mata daɗin baki, ko gezau. A zuwa na huɗu sai na yi abin da na san zai ɗaure ta, na ambaci gidan su mahaifiyata a Kusada. Ta ajiye faifan hannunta ta ƙura mini ido.

“Ashe ke jikar gidan nan ce! Kakarki ta taɓa ba ni masauki shekarar da na yi jinyar maigidana. To shi kenan, ba a ƙi ta jikar gidan nan. Yaushe za a tahi?”

Na koma Kankia ina cika baki, ina gaya wa matan ƙungiya na yi babban kamu.

Kwana biyar muka yi a wani aji a Kusada lokacin hutun makaranta. Mai horarwar, wadda duk muke kira Hajiya, ta zo daga birni da farar mota da gorar ruwanta. Kada in ci haƙƙinta, ta koyar da abubuwa masu amfani: wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mai naƙuda, sabuwar reza ga kowane jariri, a daina sa toka a cibi, a lura da kumburin fuska da ƙafa, da ciwon kai mai tsanani, da jijjiga. Inna tana zaune a kan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, tana saurare kamar mai jin huɗuba. Maganar reza ta karɓe ta nan take, ta ce wannan gaskiya ce. Wata rana ma ita ta bayyana yadda take gane mai jinin da ba zai tsaya ba tun daga launin leɓenta da sanyin tafin hannunta, Hajiya ta ɗauki biro ta rubuta.

Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da abin rubutawa.

Ranar ƙarshe Hajiya ta fito da takardar dokoki. A ciki akwai wadda ta ce mai aikin sa kai ba za ta karɓi komai daga gidan da ta yi wa aiki ba, ba kuɗi, ba hatsi, ba nama, ko goro. Ta ce a wani wuri an samu masu tatsar talakawa da sunan ƙungiya, shi ya sa aka kafa dokar. Da Turanci take karantawa, ni ce mai mayarwa Hausa. Da na tsaya a kan abin da ke rubuce ma da sauƙi. Ina! Sai da na ƙara gishiri. Na ce duk wadda ta karɓi ko ƙwayar gero ta sayar da ladanta tun a duniya, kada ta sa rai da komai gobe kiyama. Ni da ba malamar addini ba, daga ina na samo wannan fatawa? Daga son a ce Malama ta iya magana, babu wani wuri.

Sai Hajiya ta ce a gwada a gani. Na ɗauki ƙwarya da gero a ciki na zama matar gida, kowace ta zo in miƙa mata, ita kuma ta ce, “Na gode, aikin Allah ne, ba ma karɓa.” 'Yan matan suka yi shi tsaf, har da yanga. Da aka zo kan Inna, ina miƙawa sai ga hannuwanta biyu sun tallabi ƙwaryar, tana cewa Allah ya ƙara arziki. Aji ya kwashe da dariya. Aka sake, ta sake karɓa. Ba gardama take ba, hannun ne ya saba. A karo na uku na haɗe rai, na yi mata irin muryar da nake yi wa 'yan aji uku.

“Inna, ki mai da hankali mana. Kowa ya iya sai ke?”

Ta dube ni, babu fushi a fuskarta, ta ce, “Malama, in mutum ya miƙo hannu da abu, ka bar mashi hannun a miƙe, ta yaya zai mai da shi? Ina zai kai idonshi?”

Na ce, “Zai saba, Inna. Ci gaba ke nan.”

A karo na huɗu ta kai hannuwanta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta faɗi kalmomin tana kallon siminti. Aka tafa mata. Ni kuma da na ga abin ya yi armashi, sai na sa kowace ta ɗaga hannu ta ce ta yi alkawari tsakaninta da Allah ba za ta karɓa ba. Wannan ma babu shi a takardar Hajiya, ni na ƙirƙiro shi a tsaye. Aka raba musu shuɗin hijabi mai tambarin ƙungiya da 'yar jaka mai reza da sabulu da safar hannu, aka ɗauki hoto, aka sha lemo.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ni ba baƙuwa ba ce. Hajiya a birni ta tashi, a asibiti aka haife ta, sai a yi mata uzuri. Ni kuwa na ga mahaifiyata tana auna wa ungozomarmu hatsi duk kaka, na sha ɗauka in kai mata da kaina. Na san mayar da kyauta a wajenmu cin fuska ne. Na sani sarai. Amma ranar ina tsaye kusa da Hajiya, muna ɗan Turanci a tsakaninmu, ina jin kaina wata tsiya.

Sauran matan sun fi mu hankali. Ba a yi wata guda ba suka ci gaba da karɓar abin da aka ba su, su zo taro su ce ba su karɓa ba. Inna kaɗai ta ɗauki alkawarin da nauyinsa, don ita a wajenta abin da aka ambaci sunan Allah a kai ba abin wasa ba ne. Abin da ya biyo baya ban gan shi da idona ba, daga baya na tsince shi, wani daga bakinta, wani daga maƙwabtanta.

Sunan farko da aka yi bayan horon a gidan wani manomi ne da ke kusa da masallacinsu, mutumin da ita ta yanke wa cibi, ta yanke wa 'ya'yansa uku. Ya aika ƙanwarsa da kan rago a faranti kamar yadda aka saba. Inna ta mayar da ita da kalmomin da na koya mata. Bawan Allah ya ɗauka raina abin ta yi, ya ƙara cinya guda da sabulu ya sake aikawa. Aka sake dawo masa da shi, gidan cike da 'yan suna. Kafin la'asar magana ta zaga gari. Wai Inna ta shiga gwamnati, wai a kan kowane jariri ana ba ta wani abu, shi ya sa naman talaka ya daina yi mata daɗi. Ba a daɗe ba Hajiya ta zo duba aiki, farar motar nan ta tsaya a ƙofar gidan Inna, aka ɗauke ta hoto da shuɗin hijabi. Ni na yi musu jagora. Daga ranar babu sauran mai shakka.

Da kaka ta yi, wannan manomin dai, don yana jin nauyinta kuma yana so a wuce wurin, ya ƙi aiken kowa. Da kansa ya ɗauki damin gero a ka, da rana tsaka, ya kai ƙofar gidanta ya yi sallama. Inna ta fito ta tsaya, hannuwanta a baya, hawaye na zuba, ta ce masa ta gode, aikin Allah ne, ba ta karɓa. Ya yi mata magiya, ta ce ta yi alkawari. Haka ya juya da daminsa a ka, ya ratsa gari, ya wuce ta gaban majalisar dattawa a gindin bishiya, kowa na kallo. Bayan shi babu wanda ya sake gwadawa. Wa zai so a yi masa haka?

Kuma ba duka ne suka yi fushi ba, wannan ne ban hango ba ko kusa. Mafi yawansu kunya ce ta kama su. Ta yaya za ka kira tsohuwa sa'ar uwarka ta zo ta wanke jini, ta yi kwana bakwai tana sintiri gidanka safe da yamma, sannan ka sallame ta hannu Rabbana? Gara kada ka kira ta. Sai suka koma kiran wata mata daga ƙauyen da ke gaba, wadda ke karɓa har ta ce a ƙaro, wadda kuma ba ta taɓa ce wa kowa ya tafi asibiti ba. Wato abin da muka kafa ƙungiya dominsa ma mun rushe shi a wannan ƙauye, inda a da yake tafiya lafiya lau ba tare da mu ba.

Ni kuwa ina can ina baza hanci. Duk taron wata sai in miƙar da ita tsaye in ce, “Ku dubi Inna, ku yi koyi da Inna.” In sa a tafa mata. Na lura ta rame, na ce tsufa ne. Na lura ta daina kawo labarin haihuwa, na ce ko matan garinsu sun huta ne bana.

Wata ranar kasuwa Inna ta zo har gidana a Kankia, abin da ba ta taɓa yi ba. Ina shirin zuwa biki, na riga na ɗaura ɗankwali, ƙawata na jira a waje. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama mata fura, ina magana ina duba madubi. Ta daɗe zaune tana murza bakin hijabinta, ta tambayi yara, ta tambayi maigida, ta sake tambayar yara. Da ta ga na ɗauki jaka sai ta ce a hankali, “Malama, wai alkawarin nan da munka yi, shina da ranar ƙarewa?”

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Na ce, “Haba Inna, aikin Allah ai ba ya ƙarewa.”

Ta ce, “To.” Ta shanye furar, ta yi godiya, ta nemi takalmanta. Ban tambaye ta abin da ya kawo ta ba, ban tambaye ta yadda ta zo ko yadda za ta koma ba. Na tafi bikina na ci shinkafa.

Ƙungiyar ba ta yi wani dogon kwana ba bayan haka. Babbar ƙungiyar birni ta koma wani aikin daban, aka ce yanzu hankalinsu na kan wani abu. Na kira Hajiya sau da yawa, da farko tana cewa tana cikin taro, daga baya wayar ta daina shiga. Mu ma muka fara rigima a kan wace ce shugaba, mai ɗinki ta yi fushi ta fita da mutanenta, waɗanda suka rage suka mayar da taron na fitar da ankon biki. Taron wata na Kusada ya mutu ba tare da an ce ya mutu ba. Babu wadda ta tuna a je a gaya wa matan ƙauye cewa an tashi. Ni ya kamata in je, ni na kawo su. Amma an yi mini canjin makaranta, ga hidimar gida, ga kuma kunyar komawa in ce abin da na yi ta kurari a kansa ya watse. Damina biyu suka wuce ban leƙa ba.

A wajen wata ta'aziyya a garin Ƙofa na haɗu da ƙanwar mahaifiyata, muna zaune a ɗakin mata sai ta matso ta ce, “Ke, wai tsohuwar nan taku kun daina biyanta ne? An ce kala take bi a gonakin mutane, tana yi wa mata surfe su ba ta tsakin hatsi.”

Na ce, “Biya kuma? Gwaggo, wa ya taɓa biyanta?”

Ta taɓe baki ta ce, “Oho, mu dai haka muka ji.”

Gwaggona ke nan, jinina, ita ma ta yarda. Ban iya cin abincin da aka kawo ba.

Kwana biyu bayan haka na sayi rabin buhun gero a kasuwa, aka ɗaure shi a bayan acaɓa, muka kama hanya da hantsi. Muna shiga ƙauyen dattawan gindin bishiya suka bi mu da ido, na gaishe su, suka amsa suna kallon buhun. Mai babur ya sauke shi a ƙofar gida, ni na shiga.

Rumbun yana nan, amma jinkarsa ta rufta, ba a ma damu da gyarawa ba. Turken akuya babu komai. Inna na zaune a kan 'yar kujera a inuwar katanga tana tsince wake a faifai, irin wanda ake tsintowa a gona bayan masu ita sun kwashe. Idonta ya faɗa, wuyanta ya zama sai jijiya. Ta gane ni, ta yi mini lale, ta yunƙura za ta ɗauko tabarma, na hana ta. Na durƙusa a gabanta na faɗi abin da na zo faɗa ba tare da kwana-kwana ba.

“Inna, ƙungiya ta watse. Alkawarin nan babu shi, tun farko ma bai kamata a yi shi ba. Kuskure ne, kuma ni na yi shi. Ki yafe mini.”

“Yaushe ta watse?”

Na ce, “An kwana biyu.”

Ta juya waken da yatsa, sannan ta ce, “To. Ni ban ji ba.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni, da ta tsine mini, wallahi da na samu sauƙi.

Na ce ba zan bar garin ba sai na gyara abin da na ɓata. Na tambayi gidan manomin nan, na same shi a ƙofar zaurensa yana gyaran amalanke. Na gaishe shi, na gabatar da kaina, ya ce ya san ni, ai ni ce mai zuwa da farar mota. Na kwashe labarin duka na gaya masa. Na rantse masa Inna ba ta taɓa samun ko ƙwandala daga hannunmu ba, ni na sa ta rantse, ni na koya mata kalmomin da ta faɗa masa, ba raini ba ne, tsoron Allah ne. Na roƙe shi ya zama na farko, idan ya kai nasa sauran za su biyo. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba, bai kuma ajiye gudumarsa ba.

“Na ji, Malama,” in ji shi. “Amma da kaina na ɗauka, da kaina na dawo da shi, ɗiyana na kallo, dattawan gari na kallo. Ba ni sake ɗauka.” Ya buga ƙusa sau biyu, sannan ya nuna hanyar gidanta da haɓa. “Kuma ai ba ta rasa ba. Ga shi mun ga kin kawo mata na wanga wata.”

Raina ya ɓaci, na miƙe na fara ɗaga murya, na ce ba su da imani, na ce matar da ta wanke su suna tsirara suka bari tana kala. Mata suka fara leƙowa ta kan katanga. Shi kuwa bai ko ɗago ba, ya ce, “Allah ya ba ki haƙuri, Malama. Mu dai lafiya muke zaune da ita kafin ki zo.”

Na koma gidan Inna, na ce wa mai babur ya shigo da buhun ciki. Ya ajiye shi a gabanta ya fita. Ta dubi buhun ta dube ni. Ina tsammanin za ta tallabe shi da hannu biyu ta ce Allah ya ƙara arziki, yadda mai haƙƙi ke karɓar abinsa. Sai kawai na ga ta zame daga kan kujerar, ta sa gwiwoyinta a ƙasa, ta ɗaga tafukan hannunta sama.

“Allah ya karɓi sadakarki, Malama. Allah ya jiƙan magabata. Allah ya rufa maki asiri duniya da lahira.”

Na kama kafaɗunta ina jan ta, ina kuka. “Haba Inna, ni ce fa! Don girman Allah ki tashi. Ba sadaka ba ce, ki daina durƙusa mini.”

Ta zame hannuna daga kafaɗarta a hankali.

“Bari, Malama. Ai na saba yanzu.”

Ta ci gaba da addu'arta, ni kuma ina tsaye a kanta.